Ɗora Windows da Linux ba tare da zaman gadi ba: abin da na bar wa fayil, da abin da na bar wa hannu

Ɗora wa kwamfuta babbar manhaja ba aiki ne mai wuya ba, zaman jira ne. Ka zaɓi harshe, ka jira. Ka zaɓi faifai, ka jira. Ka tashi ka kama wani aiki, ka dawo ka tarar allo ya tsaya cak yana neman sunan mai amfani. In kwamfuta ɗaya ce, sai a haƙura. In goma ne, yinin ya tafi, kuma da ƙyar ka samu biyu da saitinsu ya zo iri ɗaya. Abin da ya kai ni ga fayil ɗin amsoshi ke nan, wato fayil ɗin da ake rubuta amsar kowace tambaya a ciki tun kafin a fara, manhajar ɗorawa ta karanta ta wuce.

A Windows sunansa autounattend.xml, kuma wurinsa bakin filashi, ba cikin wata folda ba. Ba sai an nuna wa Windows inda yake ba, da kanta take duba wajen. Microsoft na da manhajar rubuta shi, Windows System Image Manager, da ke cikin Windows ADK, amma da zarar ka samu guda mai aiki, gyara shi da hannu ya fi sauri. An raba fayil ɗin zango-zango har bakwai, sai dai uku ne suka shafe mu. Zangon windowsPE shi ne na farko, kafin a kwafi komai: harshe, faifai, da bugun Windows da za a ɗora. Zangon specialize yana zuwa bayan kwamfutar ta sake tashi, a nan ake sa sunanta. Zangon oobeSystem kuwa shi ke ɗauke da shafukan maraba da ƙirƙirar asusu. Saitin da aka sa a zangon da ba nasa ba, ko dai a yi biris da shi, ko aikin ya tsaya da saƙon da bai bayyana komai ba.

Akwai ƙananan abubuwa uku da suke yawan kayar da fayil ɗin. Kowane sashe yana ɗauke da processorArchitecture, kuma ga kwamfutocin Intel da AMD na yanzu amd64 ake rubutawa, ko da injin na Intel ne. In ka kwafo tsohon fayil mai x86, za a tsallake sashen gaba ɗaya, ka ga tambayoyi sun dawo. Na biyu, harshen da ka sa a UILanguage dole ya kasance yana cikin ISO ɗin da ka sauko da shi, wato fayil ɗin da ke ɗauke da manhajar ɗorawa gaba ɗayanta. Na uku, bugun Windows: fayil ɗin install.wim yana ɗauke da bugu da yawa, kowanne da lambarsa, kuma lambobin ba sa zama ɗaya daga wannan ISO zuwa wancan. Kada ka yi kintace. Umarnin dism /Get-WimInfo /WimFile:install.wim zai jero maka su, ni kuma na fi son in zaɓa da suna maimakon lamba. Ka sani kuma cewa yawancin kwamfutocin da suka zo da Windows daga kamfani suna da lambar lasisi a binne cikin BIOS, wato manhajar uwar allo da ke tayar da kwamfuta, shi ya sa wani lokaci za ka ga Home ta hau alhali Pro kake nufi.

Sai batun faifai, wanda a kansa ne nake so in daɗe.

Fayil ɗin amsoshi zai iya share faifai ya raba shi da kansa. Ga kwamfuta mai UEFI, wato sabon salon BIOS, tsarin rabon da aka saba shi ne GPT: ɓangaren EFI mai FAT32 wanda bai gaza megabait 200 ba (300 ake buƙata a faifai masu sassan 4K na asali, don haka ni 300 nake ba shi in huta), ɓangaren MSR mai megabait 16, sauran kuma na Windows da NTFS. Duk wannan layuka kaɗan ne: DiskID 0, WillWipeDisk true. Matsalar ita ce lamba 0 ba suna ba ce, matsayi ne a layi. A laftof mai faifai ɗaya babu damuwa. A kwamfutar tebur mai faifan NVMe ɗaya da babban faifan SATA na ajiya, babu tabbacin wanne zai fito a 0, kuma sau da yawa na SATA ne ke riga. Fayil ɗin ba zai tambaya ba, domin ka ce masa kada ya tambaya. Kafin ka ɗago kai ya goge teburin rabon faifan da ke ɗauke da ajiyar mai kwamfuta.

Saboda haka filashi biyu nake riƙewa. Na farko, wanda nake amfani da shi kusan kullum, babu sashen DiskConfiguration (mai raba faifai) a fayil ɗinsa, babu InstallTo (mai nuna inda za a ɗora). Windows takan amsa komai da kanta, in ta zo shafin faifai sai ta tsaya, in duba girman kowanne da idona, in zaɓa, ta ci gaba har ƙarshe. Wannan tsayawar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma a farkon aikin take, lokacin da kake gaban kwamfutar dama. Na biyu shi ne mai sharewa ba tambaya, na kwamfutoci iri ɗaya masu faifai ɗaya kaɗai, kuma na naɗe shi da jan tef don kada ya shiga hannun wanda bai san halinsa ba. Irin wannan filashin kamar wuƙa ce da ba ta da kube, ba a barinta a aljihun jaka. In dole ne a yi amfani da shi a kwamfuta mai faifai biyu, a zare wayar na ajiyar tukuna. Wannan ma yana maganin wata matsalar: Windows kan ajiye fayilolin tashi a ɓangaren EFI da ta tarar a ɗaya faifan, sai ran da aka cire shi kwamfutar ta ƙi tashi.

Haɗari na biyu daga filashi mai sharewa shi ne zagaye. Ɗorawa tana sake tayar da kwamfuta a tsakiyar aiki. In ka shiga BIOS ka maida filashi na farko a jerin tashi, wasu kwamfutocin za su koma kansa, ya sake sharewa, ya sake farawa. Maganin shi ne amfani da jerin zaɓi na sau ɗaya: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP.

Filashin kansa yana da nasa tarko. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, install.wim na yanzu kuwa yakan wuce. Ko dai ka bar Rufus, manhajar shirya filashin ɗorawa, ya shirya shi da NTFS, ko ka tsaga fayil ɗin da dism /Split-Image tare da /FileSize:3800, ya fito gunduwa-gunduwa a matsayin install.swm. Ventoy wata hanya ce: ka zuba ISO da yawa a filashi ɗaya, ka haɗa kowanne da fayil ɗin amsoshinsa ta ventoy.json. Kafin duk wannan, ka gwada ISO ɗin da certutil -hashfile sunansa.iso SHA256 ka kwatanta da lambar da aka wallafa. ISO da ya lalace a wajen saukowa yakan fara lafiya lau ya mutu a tsakiya, mutum ya yi ta zargin faifai.

In shafin faifai ya fito wayam, babu ko ɗaya, galibi ba faifan ne ya mutu ba. Laftof da yawa masu injin Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama suna zuwa da VMD (tsarin Intel na sarrafa faifai) a kunne, manhajar ɗorawa kuma ba ta da direbansa. Ka buɗe folda mai suna $WinPEDriver$ a bakin filashi ka zuba direban Intel RST, wanda aka warware har fayil ɗin inf ya fito, ba wanda ke cikin exe ba. Kuma in tsohuwar Windows na tashi, kafin ka share ta ka kwashe direbobinta da pnputil /export-driver * D:\direbobi. Na katin Wi-Fi ne zai fi yi maka rana, domin in babu shi babu hanyar sauko da sauran.

A Linux tunanin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Debian na amfani da preseed.cfg. Fedora da Red Hat na amfani da Kickstart, kuma sun yi wani abin kirki: duk wanda ya ɗora da hannu zai tarar da amsoshinsa a rubuce a /root/anaconda-ks.cfg, sai ya gyara ya maida shi fayil ɗinsa. In aka sa ks.cfg a filashi mai laƙabin OEMDRV, ana ɗaukarsa kai tsaye. Ubuntu ta koma autoinstall tun bugun sabar na 20.04, da tsarin rubutu na YAML, wanda ba ya yarda da madannin Tab ko kaɗan, tazara kawai, kuma tazara ɗaya da ta kauce ta isa ta rusa fayil. A nan ma sunaye irin su /dev/sda matsayi ne da ke iya sauyawa. Ubuntu ta ba da dama a zaɓi faifai da lambar siriyal ɗinsa ko a ce mafi girma, ko kuma a sa storage ƙarƙashin interactive-sections, ta tsaya a shafin faifai kaɗai. Ita ma dama takan nemi a tabbatar kafin ta taɓa faifai, sai in an ƙara kalmar autoinstall a layin tashi. Wani abin lura: rabon da Ubuntu ke yi da LVM (tsarin raba faifai na Linux) ba ya ba tushen tsarin dukkan faifan, yakan bar sauran a ajiye, sai ka sa sizing-policy: all.

Kalmar sirri bai kamata ta zauna a fili cikin waɗannan fayiloli ba. A Linux ana sa sakamakon openssl passwd -6. A Windows kuwa abin da kake gani kamar an ɓoye, Base64 ne kawai, kowa zai iya warware shi cikin daƙiƙa. Don haka kalmar wucin gadi nake sawa, a sauya ta a shigar farko.

Abin da na fi amfana da shi shi ne rage wa fayil ɗin amsoshi kaya. Da farko sha'awa kan ja mutum ya cusa komai a ciki: manhajoji, saitin allo, cire tarkace. Sakamakon shi ne in abu ɗaya ya kuskure, sai an sake ɗorawa daga tushe kafin a gwada gyaran. Yanzu aikin fayil ɗin ya tsaya a kai ni ga tebur da asusu ɗaya. Sauran yana cikin fayil ɗin umarni na daban, wanda na rubuta ta yadda ko an kunna shi sau uku ba zai ɓata komai ba: kafin ya ɗora abu sai ya duba ko yana nan. Jerin manhajoji daga winget export -o manhajoji.json yake fitowa a kwamfutar da na gama shiryawa, sai winget import -i manhajoji.json ya maido su a sabuwa, tare da --accept-package-agreements da --accept-source-agreements don kada ya tsaya neman amincewa. Sai dai winget, wato umarnin Windows na ɗora manhajoji, ba ya samuwa sai an shiga asusun mai amfani, kuma ko an shiga yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya shirya. Fayil ɗina yana jira ya sake dubawa maimakon ya faɗi. SetupComplete.cmd kuma, wanda mutane da yawa ke dogara da shi wajen kunna umarni da zarar an gama ɗorawa, ba ya aiki in lasisin na kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne, sai a bugun Enterprise da na sabar. FirstLogonCommands, sashen fayil ɗin amsoshi da ke kunna umarni a shigar farko, ya fi tabbas.

Ba na gwada sabon fayil a kwamfutar gaske. VirtualBox nake buɗewa, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, in kunna EFI, in ba shi faifai biyu da gangan, in ga wanne za a taɓa. In aiki ya tsaya, Shift da F10 suna buɗe tagar umarni, bayanin abin da ya faru kuma yana cikin setupact.log da setuperr.log, a X:\Windows\Panther a zangon farko, a C:\Windows\Panther daga baya. A Ubuntu a duba /var/log/installer.

Akwai abin da fayil ba zai duba maka ba, kuma kafin a fara ake yinsa. Windows 10 ta daina samun tallafi na yau da kullum a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0 (na'urar tsaro mai ajiye mabuɗai), RAM na gigabait 4 da faifai na gigabait 64 a ƙalla. TPM ɗin sau da yawa yana nan, a kashe yake a BIOS da sunan PTT ko fTPM. Tsohuwar kwamfuta a duba lafiyar faifanta da smartctl, a bar Memtest86+ ya zagaya RAM ɗin ko sau ɗaya. A kuma kalli agogo. In batirin CR2032 na kan uwar allo ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa saboda takardun shaida, saukar da manhajoji duk ta faɗi, kai kuma kana neman laifi a fayil ɗin umarni.

Bayan an gama, asusu biyu nake bari: na shugaba don gyara, da na yau da kullum wanda ba ya iya ɗora komai sai da izini. Sai in duba BitLocker, wato makullin faifai na Windows, domin Windows 11 kan kulle faifai da kanta a kwamfutoci da yawa, musamman tun bugun 24H2. Umarnin manage-bde -protectors -get C: yana nuna mabuɗin ceto mai lambobi 48 in akwai shi, a rubuta shi a ajiye a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba, kafin a taɓa BIOS ko a sauya uwar allo. Wanda zai haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya fara da Windows, ya kashe Fast Startup don kada Linux ta tarar da ɓangaren NTFS a kulle, ya kuma daidaita agogo, tunda Windows na ɗaukar agogon BIOS a matsayin lokacin gida, Linux kuwa a matsayin UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya.

Fayilolin amsoshin da na umarnin duk a Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, nake ajiye su, kowane gyara da layi ɗaya na dalilinsa da bugun ISO da aka gwada shi a kai. Duk lokacin da sabon ISO ya fito, sai ya bi ta VirtualBox mai faifai biyu kafin ya hau filashi, domin shafukan maraba na Windows suna sauyawa daga bugu zuwa bugu, kuma saitin da ya tsallake su bara ba lalle ya tsallake su bana ba.