Ledar da ta yi gumi

Da kuɗin adashe na fara, jikka talatin, a shekarar 2017. Na sayi rabin buhun dabino a babbar kasuwar Maraɗi wurin wani Buzu mai kawo shi daga Agadas. Bayan isha'i ni da ƙanwata mu shimfiɗa tabarma tsakar gida, mu tsince, mu ɗura a leda, mu liƙe bakin da kyandir da tsohon bakin zarto. Har yau tabon ƙuna na nan a babban yatsana. Da azumi ya kama, kafin goma ga wata kaya sun ƙare.

Mangwaro ne ya koya mini sana'ar. Duk bazara ina ganin na Madarumfa da Jiratawa jibge bakin hanya yana ruɓewa, abin yana ci mini rai. Na sayo, na fere, na yanka siriri, na shanya bisa soro. Na farko ƙura da ƙudaje suka cinye rabonsu, sai na sa kafinta ya yi mini katanga huɗu ya lulluɓe da ragar gidan sauro. Kilo goma na ɗanye da ƙyar yake ba ni kilo ɗaya, shi ya sa in mutum ya ce ya yi tsada ba na ja da shi, sai in gaya masa lissafin.

A 2018 na yi gaggawa. Hadari ya fara haɗuwa, na kwashe kaya kwana ɗaya kafin su nuna bushewa, na ɗaure leda ɗari biyu. Cikin watan Agusta wani mai shago ya aiko mini da su a kabu-kabu, duk sun yi funfuna. Na zauna ƙofar ɗaki ina kuka. Uwar mijina, wadda ta tsufa tana shanya kauɗar tumatir da kuɓewa, ta ɗauki leda guda ta ɗaga ta a rana, ta nuna mini ɗigon ruwa a ciki.

"Ke 'yar nan, kin ga gumi? Da ransa kika rufe shi."

"To Inna, yaya zan gane ya bushe?"

Ta ce in zuba kaɗan cikin kwalba in rufe ta kwana. In da safe kwalbar ta yi hazo, a mayar rana. Ban ƙara ɗaure leda ba tare da kwalbar nan ba. Dabino ma na koyi fasa goma daga kowane buhu kafin in biya, saboda ƙwaro daga ciki yake ci. Busasshe na wajen Bilma yana daɗewa, mai taushi na Aljeriya kuwa zafi na sa shi tsami, ba na ajiye shi da yawa.

Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ledar da nake samu daga Kano ta hanyar Ɗan Isa ta yi wuya, ta yi tsada. A 2023 kuma ƙarancin wuta ya sa na jingine na'urar liƙi, muka koma kyandir.

Yanzu mata huɗu ke aiki tare da ni, mun ƙara aya da magarya da tsamiya. Inna ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Kwalbarta na nan bisa tagar ɗakin ajiya, kuma duk yarinyar da ta zo sabuwa, ita nake fara miƙa mata.