Ajiyar da ta ƙi tashi

Ina shekarata ta biyu da kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a nan Katsina, wajajen Ƙofar Ƙaura, abin ya faru. Sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe bayananmu, ɗaya tak, tana ƙarƙashin tebur a ofishin jarrabawa, da MySQL, manhajar rumbun bayanai, a kanta. Sakamakon yara da lissafin kuɗin makaranta duk suna ciki. Ni da hannuna na saka rsnapshot, manhajar yin kwafin ajiya, na ce wa cron, mai tada aiki a kan lokaci, duk bayan awa 4 ya kwashe /var/lib/mysql, inda fayilolin rumbun suke, zuwa faifan waje. Da safe in leƙa, in ga kwafi sun jeru, in yi hamdala in nemi shayi.

Cikin zafin Afrilu wuta ta ɗauke da azahar, batirin da ke riƙe sabar kuwa ya daɗe da mutuwa. Faifan bai sake juyawa ba. Shugaban makaranta ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, ai da ajiya ko?" Na ce, "Akwai, ranka ya daɗe," har da murmushi.

Na zuba kwafin tsakar rana a sabon faifai, MySQL ta ƙi tashi. Na gwada na safe, haka. InnoDB, injin da ke adana bayanai cikin MySQL, sai ƙorafi take wai lambar wasu shafuka ta wuce ta littafin canje-canje, wato shafukan sun riga littafin isa gobe. Sai kwafin dare ne ya tashi, don a lokacin ba mai rubuta komai. Makin yini guda ya tafi, malamai suka sake shigar da shi daga takarda, kowa na harara ta.

Da daddare na kira wani yayana a sana'ar, da ke aiki a Kano. Ya saurare ni tas, ya ce, "Ƙanena, ka taɓa kwafar littafin bashi mai shago na kan rubutu? Kana shafi na 40, ya koma na 3 ya soke, ya ƙara a na 60." Rsnapshot a kan rsync, manhajar kwafar fayiloli, yake tafiya, shi kuwa fayil bayan fayil yake ɗauka. Kafin ya gama ibdata1, babban fayil ɗin InnoDB, sauran sun canza. Kowane fayil ga shi nan da girmansa, amma ba na lokaci ɗaya ba ne. Kalmar snapshot, wato hoto, da ke cikin sunan ce ta ruɗe ni, na zaci hoto yake ɗauka ƙyas.

Gyaran farko mai sauƙi ne. Mysqldump, umarnin fitar da bayanan MySQL, da zaɓin --single-transaction ya fara juye rumbun cikin fayil ɗaya, sannan rsnapshot ya ɗauki wannan fayil. Sai dai teburan bayanai na InnoDB kawai wannan ke karewa, mu kuwa muna da tsofaffi biyu na wani injin daban, MyISAM, dole na sauya su zuwa InnoDB.

Da bayanai suka yi yawa na koma hoton LVM, tsarin sarrafa faifai da ke iya ɗaukar hoton duk abin da ke faifan a lokaci ɗaya, nan na sake cin tuntuɓe. Tsarin shi ne ka kulle rubutu a rumbun da umarnin FLUSH TABLES WITH READ LOCK, ka ɗauki hoto da umarnin lvcreate, ka buɗe, duka cikin daƙiƙu kaɗan, sannan ka kwafa daga hoton a natse. Ni sai na rubuta kullewar a layi guda, hoton a layi na gaba. Ashe kullen a hannun wanda ya kulle yake: layin farko na ƙarewa, haɗinsa da MySQL ya yanke, ƙofa ta buɗe kafin a ɗauki komai. Mako uku ina barci a kan wannan. Wani dare kuma wurin da na ware wa hoton ya cika, LVM ta soke shi, rowar giga 1 ce ta ja mini.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar akwai wata tsohuwar laftof mai fasasshen gilashi da nake zuba wa kwafin jiya. In tada MySQL, in ƙirga layukan teburin maki, in buɗe sakamakon aji ɗaya in gwada da na sabar. Malamin lissafi, wanda ya fi kowa shan wahalar sake shigar da maki, har yau in ya wuce ta taga sai ya ce, "Malam, ta tashi?"