Ranar da Muka Kai Yara Dalar Giza

Alƙahira, daren Talata.

Yara sun yi barci tun ƙarfe takwas, babbar ma sai da na tashe ta sannan ta yi sallar isha'i tana layi, ni kuwa ƙafafuna zugi suke yi kamar wadda ta taka daga Kano zuwa Wudil. Duk da haka na ga gara in rubuta abin da ya faru yau kafin in kwanta, domin idan gari ya waye rabinsa zai shige mini.

Yau kwananmu huɗu a Masar. Ganin likitan ido ne ya kawo maigida, kuma da aka ce ya koma ranar Alhamis sai muka samu kwana biyu babu abin yi. Jiya da daddare na zauna na jera wurare huɗu a takarda: dalar Giza da safe, gidan tarihi na unguwar Fusɗaɗ da rana, masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili da la'asar, sannan kwalekwale a kogin Nilu da almuru. Ɗan wan maigida, wanda yake shekararsa ta uku a Jami'ar Azhar, ya karanta takardar ya yi murmushi, ya ce, "Anti, wannan ai aikin mako guda ne, ko da babu yara." Ban saurare shi ba.

Mun fito ƙarfe bakwai da rabi cikin sanyin Disamba, wanda bai gaza hunturun gida ba ko kaɗan. A hotuna mutum zai ɗauka dalar nan a tsakiyar hamada take, nesa da kowa, ashe gari ya riga ya cim mata. Muna cikin cunkoson motoci, tsakanin dogayen benaye na jan bulo, sai ga ƙololuwarta ta leƙo ta bayan wani gini. Na tsakiya, mai shekara biyar, shi ya fara hangowa, ya daka tsalle ya ce, "Umma, ga Dutsen Dala!" Muka yi ta dariya, amma da na sake tunani sai na ga yaron bai yi nisa da gaskiya ba, tunda kalmar da muke kiran waɗannan gine-gine da ita ke nan. Mahaifiyata takan ba mu labarin dalar gyada ta zamanin su Alhasan Ɗantata, yadda ake jera buhuna hawa-hawa har su tsuke a sama, kuma da wannan hoton na girma a zuciyata.

To amma tsayawa a gindin babbar dala, wadda sarki Khufu ya gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, ya rushe duk wani kwatance da nake da shi. Duwatsun jerin ƙasa kaɗai sun kai ƙirjina, kuma an ƙiyasta cewa duwatsun ginin sun kai miliyan 2.3. Asalin tsayinta mita 146 ne, yanzu ya ragu zuwa wajen 138 saboda samanta ya zube, an kuma kwashe farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi. Ɗan wan maigida ya nuna mana ta biyu, ta sarki Khafre, wadda har yanzu akwai ragowar wannan lulluɓi a kanta kamar hula. Na juya domin in maimaita wa yara bayanin, sai na tarar na tsakiya ya durƙusa yana cika aljihunsa da rairayi, Auta kuma tana miƙa hannu wajen wani kare da yake kwance yana shan hantsi.

Keken tura yara da na dage sai mun taho da shi bai amfana mana komai ba, domin tayoyinsa nutsewa suke yi a rairayi, inda babu rairayi kuma duwatsu ne. Daga ƙarshe na ciro zani daga jaka na goya Auta, ko minti biyar ba a yi ba ta yi barci. Wasu mata Turawa suka tsaya suna kallon yadda na ɗaure goyon, ɗaya har ta tambaya ko yarinyar ba za ta faɗo ba. Maigida ne ya ƙarasa yinin da keken a kafaɗa, bai ce mini komai ba, shirun nasa kuwa ya fi magana ciwo.

Shiga cikin dala tikitinsa daban, kuma da aka gaya mini sai an sunkuya a wata siririyar hanya mai hawa, na ce su je su dawo. Maigida da babbar, mai shekara takwas, suka shiga, suka yi kusan minti arba'in. Ta fito jiƙe da gumi, fuska a murtuke. "Abba ya sa mun sha wahala a banza," in ji ta, "ɗaki ne kawai da akwatin dutse, kuma babu komai a ciki." Mahaifinta ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da ita cewa jan dutsen ɗakin daga Aswan aka ɗauko shi ta kogi, tafiyar kilomita kusan 800, amma ita abin da ya dame ta shi ne ba ta ga zinariya ba.

Raƙumi ne ya gyara ranar. Tun a mota an gargaɗe mu cewa a nan akan ce hawa kyauta ne, sai an zo sauka a ji kuɗi, saboda haka ɗan wan maigida ya tsaya ya yi ciniki da Larabcin Masar, ya tabbatar kuɗin ya haɗa da hawa da sauka da ɗaukar hoto. Duk da haka da aka dawo mai raƙumin ya miƙa hannu yana neman bakshish, wato ɗan na goro. Raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa, don haka wanda yake kai sai ya ji kamar za a kifar da shi ta gaba. Na tsakiya ya ƙwalla ƙara ya ƙanƙame yayarsa, amma kafin a yi taku goma ya koma dariya, yana ɗaga mini hannu kamar ɗan sarki a hawan sallah. Ni da na saba ganin raƙuma a gida ban taɓa tunanin sai mun ƙetare hamada yarana za su hau ba.

Daga nan muka gangara wajen gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Larabawa suke kira Abul Haul. Tsawonsa mita 73 ne, kuma daga dutse ɗaya aka sassaƙa shi. Babbar ta tambayi wanda ya karya masa hanci. Yayan nasu ya ce labarin da ake yaɗawa cewa sojojin Napoliyon na Faransa ne suka karya shi ba gaskiya ba ne, domin akwai zane-zanen da aka yi kafin zuwansa Masar a 1798 da suke nuna shi babu hancin.

Azahar ta yi, yunwa ta fara sa yara rigima. Muka yi salla, muka ci koshari, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da ake kira adas da soyayyar albasa da miyar tumatir. Yaran suka ce garau-garau ne aka zuba wa taliya, suka cinye tas.

A nan ya kamata in haƙura mu koma masauki, amma na matsa sai mun je Fusɗaɗ, kuma sai bayan ƙarfe uku muka isa. A wannan gidan tarihi aka ajiye gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, waɗanda aka kwaso daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir a watan Afrilun 2021. Zauren nasu a ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Auta ta farka ta fasa kuka, dole maigida ya fita da ita da na tsakiya, wanda tun daga ƙofa ya ce shi tsoro yake ji. Muka rage ni da babbar.

Mun daɗe a gaban Ramsis na biyu, wanda ya yi mulki shekara 66. Ga shi kwance cikin gilashi, ɗan tsoho busasshe, hannaye a ƙirji, da sauran gashi a kansa. Yarinyar ta matse hannuna ta raɗa mini, "Umma, shi ne Fir'aunan Annabi Musa?" A Islamiyya an karanta musu ayar Suratu Yunus da take maganar tsirar da jikinsa domin ya zama aya ga na baya. Na ji sha'awar in ce mata e kawai, domin amsar da take so ke nan, kuma ita na sha ji a bakin mutane. Amma na gaya mata cewa Fir'auna sarauta ce, ba sunan mutum ɗaya ba, kuma masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu sun ce wannan ne, wasu sun ce ɗansa Marnabta, wanda shi ma yana cikin zauren. Ta yi shiru tana dubansa, can ta ce, "Amma ɗan ƙarami ne." Ba ta sake magana ba har muka hau sama.

Azhar da kasuwa da kwalekwale duk ba mu je ba. Kafin mu fita daga unguwar yara biyu sun ɓingire a mota, ɗan wan maigida kuma ya yi mini kara bai tuna mini maganarsa ta jiya ba. Da na zo cire wa na tsakiya wando, rairayin Giza ya zube a kan zanen gado, sai da na kakkaɓe sau biyu. Maigida ya tambaye ni abin da na tsara na gobe, na ce masa masallacin Azhar kaɗai, bayan yara sun tashi don kansu, keken kuma a ɗaki zai yini.