Farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro

Har yau raina na ɓaci idan na tuna yadda ake ce wa ɗiyata daƙiƙiya a makarantarsu ta firamare a nan Gombe. Yarinyar da ta haddace izu biyu tun tana shekara 6! Abin da take yi kawai, ana tsakiyar magana sai ta ƙame, ido a kafe, fatar idon na ɗan rawa, kamar sakan goma, sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Malama ta ce raini ne, ta sa bulala. Gwaggonta ta ce iskokai ne, aka yi ta hayaƙi. Kowa a saninsa farfaɗiya sai da faɗuwa da kumfar baki.

Da muka je asibitin koyarwa, likitan yara ya miƙa mata takarda ya ce, "Ƴan mata, yi ta hura wannan, kada ki tsaya." Ba ta jima tana hurawa ba ta ƙame a gabansa, takardar ta sulale ƙasa. Gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, wanda ake manna wa mutum wayoyi a fatar kai, ya tabbatar da abin da ya gani.

Ya ce mini, "Hajiya, wannan ma farfaɗiya ce." Irinta ta fi farawa tsakanin shekara 4 zuwa 10, kuma takan zo sau gommai a wuni. Duk zuwanta hankalin yaro yankewa yake, darasi ya shiga masa guntu-guntu, alhali a shekarun ne ƙwaƙwalwa ke gina natsuwa da karatu da lissafi. Wato duk bulalar nan, a kan maganar da ba ta ma ji ba aka yi mata ita. Wannan ne ya kasa barin zuciyata.

An ɗora ta a kan wani magani mai suna valproate, alhamdu lillahi ƙamewar ta tsaya. Likita ya ja kunnena kada in karɓi maganin wani mai farfaɗiya in ba ta, domin wani maganin farfaɗiya mai suna carbamazepine na iya tsananta irin tata, kuma kada in yanke magani kwatsam don na ga sauƙi.

Natsuwarta dai ba ta dawo lokaci ɗaya ba, kuma an ce haka yakan faru ko da ciwon ya lafa. Lissafi har yanzu da kyar. Na roƙi a mayar da ita bencin gaba, ni kuma kullum bayan magariba muna bitar abin da ya wuce ta a aji biyu.