Inda na kai a koyon zanen barkwancin siyasa

'Yan'uwa masu koyon zane, barkanmu da ƙoƙari. Kwanakin nan na ajiye aikin fuska gefe. Hannuna ya fara sabawa da ƙara wa hanci tsawo da kumbura kumatu, sai dai na lura wannan dariya kawai yake jawowa, ba ya faɗin abin da mutumin ya aikata. Yanzu abin da nake nema shi ne alama guda wadda za ta ɗauki laifin gaba ɗaya.

Thomas Nast na jaridar Harper's Weekly ne ya fara buɗe mini ido. A 1871 ya zana William Tweed, uban gidan siyasar birnin New York da ya wawure dukiyar jama'a, da ƙaton tumbi, a wurin kai kuma sai jakar kuɗi. Babu ido, babu baki. Ko wanda bai iya karatu ba ya san me ake nufi.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Zapiro na Afirka ta Kudu. A 2006 Jacob Zuma, babban ɗan siyasar ƙasar, ya faɗa wa kotu cewa ya yi wanka bayan ya sadu da mace mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wai don rage haɗarin kamuwa. Daga nan Zapiro ya dasa masa kan shawa a tsakar ka, duk zanen da ya fito yana biye da shi. Da Zuma ya zama shugaban ƙasa a 2009, sai Zapiro ya ɗaga shawar sama, ta rabu da kan, alamar an ba shi dama ya gyara. Daga baya ya mayar da ita. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin maganar bakin mutumin ce aka maida makami, ba halittarsa ba. Irin habaicin da muka sani ne wajen mawaƙanmu, mai shi kan gane kansa tun kafin a kira suna.

Atisayen da nake yi yanzu: in ɗauki labari guda daga jarida, in rubuta laifin a jimla ɗaya, sannan in zana shi da fensir ba tare da rubutu ko kaɗan ba. Kan tsadar mai na zana bututun famfon gidan mai ya naɗe wuyan ɗan acaɓa. Na nuna wa maƙwabcina tela, nan take ya gane. Hannun da ke riƙe da famfon ne har yanzu bai zauna ba, a kansa zan kwana wannan makon. Ku gwada, mu ga naku.