Abin da tubali da itacen Katmandu suka koya mini

A shekarata ta uku ta karatun zanen gine-gine a Indiya aka kwashe mu zuwa Nepal, aikin fili na mako uku. Aikinmu shi ne mu auna tsofaffin gine-ginen kwarin Katmandu, mu zana su, mu nuna inda suka tsage. Na tafi da tef ɗin awo da littafi, da kuma wani ra'ayi da na taso da shi tun daga gida: ginin ƙasa na marar hali ne, wanda Allah ya hore wa sai siminti da rodi.

Wurare bakwai ne a kwarin hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979: dandalin fadar sarakuna a Katmandu da Patan da Bhaktapur, wuraren bautar Hindu na Pashupatinath da Changu Narayan, sai na mabiya Buddha a Swayambhu da Boudhanath. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015, mai ƙarfin 7.8, ta hallaka mutum kusan 9,000, ta kuma rusa da yawa daga cikin waɗannan gine-gine. Ni dai tun kafin mu sauka na yanke hukunci cewa laka ce ta ja musu.

A Bhaktapur wannan hukunci ya fara warwarewa. Akwai wani ɗakin bauta mai hawa biyar, Nyatapola, wanda Sarki Bhupatindra Malla ya gina a 1702. Tubali ne gasasshe da aka ɗaure da laka, sai itace. Girgizar 1934 ta zo ta bar shi a tsaye, ta 2015 ma haka. A wani lungu kusa da shi na sami wani dattijo kafinta yana fiƙe turakun itace, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba. Da taimakon abokin karatuna ɗan ƙasar, ya jawo gungume biyu da ya haɗa baki da baki, babu ƙusa ko ɗaya, ya zura turke ya buga. Sai ya ce in tura da ƙarfina. Na tura, mahaɗin ya ɗan motsa, ya yi ƙara, ya koma mazauninsa. Ya maimaita mini har sau uku, yana kallon fuskata don ya tabbata na gane. Ginin yakan bi ƙasa idan ta motsa, muddin turakun nan ba su ruɓe ba, kuma akwai mai hawa ya duba su ya sauya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai. A tsakiyar Katmandu akwai Kasthamandap, babbar rumfar itace da ake cewa daga gare ta birnin ya samo suna. Ta faɗi a 2015. Da masu binciken tarihi suka tona ƙarƙashinta, sai suka tarar harsashin tubali da laka lafiya lau. Matsalar tana ga ɗaya daga cikin manyan ginshiƙanta huɗu, wanda a wani gyara na baya aka bar shi ba a kafe cikin dutsen da ke riƙe ƙafarsa ba. Ashe gyaran ganin ido ne ya ci amanar ginin, ba laka ba.

To, su wa ke dubawa? A nan na ji kalmar guthi. Tsari ne na mutanen Newar, 'yan asalin kwarin, mai kama da wakafi a wajenmu: a keɓe gona, amfaninta ya tafi ga gyaran ɗakin bauta da hidimar bukukuwa, wasu gidaje kuma su gaji nauyin aikin kaka da kakanni. Inda gonakin suka salwanta, rufi yakan fara yoyo babu mai hawa. Da gwamnati ta kawo ƙudurin dokar da zai mayar da guthi ƙarƙashin hukuma a 2019, dubban mutane suka fito titi har aka janye shi. Babu wannan a cikin takardar awon da aka ba mu, alhali shi ne rabin labarin ginin.

Na koyi ladabin baƙunta kuma. A Pashupatinath, wanda ba Hindu ba ba ya shiga babban ɗakin bautar, sai dai ya tsaya a ƙetaren kogin Bagmati. Daga can ana hango inda suke ƙona mamatansu. Na ɗaga kyamara don in ɗauki matakalar bakin ruwa, sai idona ya faɗa kan wani saurayi cikin fararen kaya, kansa a aske, yana tsaye kusa da wutar. Na sauke ta. Da a maƙabartarmu ne baƙo ya yi haka ranar da muka kai mahaifina, na san yadda zan ji. A Boudhanath kuwa, masu ibada suna zagaya babbar ƙubbar da ke wurin tana hannun damansu. Ban shiga zagayen ba, domin ibadarsu ce, ni Musulmi ne, Juma'ata ma a masallacin da ke kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar na yi ta. Amma na koyi kada in ratsa su ina jan tef kamar a filin kasuwa. Sai na jira rana ta take, jama'a sun ragu, na nemi izini, sannan na yi awona. Masu ibadar ne fa suka tara kuɗi da zinariya suka gyara ƙololuwar ƙubbar bayan girgizar, aka sake buɗe wurin a 2016.

Da na dawo hutu Zariya, na shiga zauren kakana da wani ido daban. Shekara uku ke nan ina matsa wa kawuna a rushe shi a yi na bulo. Na sa tsani na hau, na tarar azara biyu gara ta cinye, indararo ya toshe, rabon bangon gabas da yaɓe tun rasuwar tsohon. Sauran kuwa garau. Na je na sami wani tsohon magini a unguwarmu, na durƙusa na ce, "Baba, so nake ka nuna mini yadda ake kwaɓa makuba." Ya dube ni ya ce in zo da asuba, in taho da tsofaffin kaya, kafin damina ta sauka.