Tarihin Rayuwar Pierrot, Kashi na 3: Daga Waƙa Zuwa Wasannin Kwamfuta

A makon jiya mun tsaya a inda Marosi Tamás, wanda aka haifa a birnin Budafes na ƙasar Hungari a shekarar 1969, ya yi suna a matsayin mawaƙin da ke shafe fuskarsa da farin fenti yana amsa sunan Pierrot, sannan ya koma tsara wa wasu kiɗa, ciki har da ƙungiyar gambarar zamani ta Ganxsta Zolee és a Kartel. Mutumin da ya kai wannan matsayi yana iya zama ya ci gajiyar sunansa har tsufa, amma shi sai ya karkata ga wata sana'ar da ba a san shi da ita ba.

A ƙarƙashin kamfaninsa na Private Moon Studios ya fitar da kashin farko na wasan kwamfuta mai suna AGON a shekarar 2003, kuma ta intanet ake sayensa kashi-kashi, a lokacin da yawancin masu wasa ba su saba da sayen abin da ba a faifai yake ba. Labarin ya faro ne a Landan cikin shekarar 1903, inda wani shehin malami mai suna Samuel Hunt, ma'aikacin gidan tarihi na Birtaniya, ya samu wata takarda mai wuyar fassara, wadda ta sa shi bin sawun tsofaffin wasannin allo na al'ummomin duniya. Hikimar tsarin ita ce, idan mai wasa ya gama warware matsalolin wata ƙasa, sai ya zauna ya kara da mai riƙe da sirrin wasan wurin, kuma ba zai wuce gaba ba sai ya yi nasara.

A nan ne, a ganina, gwanintar Pierrot ta fi fitowa, domin bai ƙirƙiri wasannin ba, tono su ya yi daga al'adun al'ummomi daban-daban. A yankin Laplan da ke can arewacin Turai ya ɗauko tablut, wanda masanin tsirrai Carl Linnaeus ya rubuta ƙa'idojinsa a 1732 bayan ya gan shi a hannun mutanen Sami: sarki yana tsakiyar allo da dakaru 8, mahara 16 sun kewaye shi, shi kuwa burinsa ya sulale ya tsira. A Madagaska ya ɗauko fanorona, inda kowane ɓangare ke da 'ya'ya 22, kuma ana cin 'ya'yan abokin karawa ta hanyar matsowa kusa da su ko kuma ja da baya daga gare su, abin da ke rikita sabon shiga ƙwarai. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana kallon dattawa suna dara zai gane irin natsuwa da dogon lissafin da ake bukata. Kashi na huɗu ya kai Hunt birnin Toledo na Sifaniya, inda wani tsohon wasan allo mai suna alkerke ke jiransa.

Sai dai burin ya fi ƙarfin aljihu. An tsara AGON ne a kan kashi 14, amma 4 kawai suka isa hannun jama'a, domin ƙaramin kamfani a Budafes ba shi da jarin manyan kamfanonin Amurka da Japan, ga shi kowane kashi yana bukatar bincike da zane da muryoyi da kiɗa. Duk da haka aikin ya buɗe masa wata ƙofa a gida, inda a 2006 ya fitar da wasan da aka gina a kan birnin Eger na Hungari, garin da ya yi fice saboda tsayuwar dakan mutanensa a gaban rundunar Daular Usmaniyya a 1552, aka kuma yi amfani da 'yan wasan kwaikwayo na gaske da hotunan titunan garin.

Yadda wannan wasa ya rikiɗe ya zama littafi, har Pierrot ya shiga sahun marubuta, shi ne abin da za mu kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.